Rigar Ummi da Na Warware Sau Uku

Zuwa ga Ari, sanyin idona, inuwar darbejiyata da tsakar rana, ruwan randata a watan zafi, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, mijina kuma uban 'yata,

Assalamu alaikum. Na jero maka sunayen nan tun daga farko don kada ka ce nisa ya sa na rage maka ko ɗaya. Suna nan yadda ka bar su. Muna lafiya a Fagge. Inna mahaifiyarka ma lafiya lau a Rijiyar Lemo, ƙafar ce dai ke ɗan taɓa ta. Da fatan Fatakwal tana riƙe da kai da kyau, tunda ta ƙi sakinka.

Za ka ce me ya kawo takarda alhali kullum muna waya? Wayar ce ta kawo ta. In ka kira, kai ne da bayani, ni ce da "ba komai", har katin ya ƙare ban faɗi abin da ke raina ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Dabo direba zai miƙa maka ita hannu da hannu.

Ka tuna ranar da muka shiga kasuwar Sabon Gari, saura kwana biyu ka tafi, ina da ciki wata bakwai? Adaeze mai zare ta ba ni kujerarta na zauna, kai kuma ka tsaya kana ɗaga dunƙulen zare ɗaya bayan ɗaya wajen haske kamar mai sayen gwal. Ulu ka so ka ɗauka, ta yi maka dariya, ta ce a zafin Kano ƙuraje za su cinye jaririn. Ka koma kan siririn zaren auduga, ruwan madara, dunƙule biyar. Ba mu san abin da ke cikin ba, amma ka kafe mace ce, kuma rigar leshi za a saƙa mata. Da muka dawo gida ka zauna a bakin ƙofa ka miƙa hannuwa biyu, na rataya maka zaren ina naɗewa, kana ta mitar kafaɗarka ta gaji, amma ka ƙi saukewa. Ya masoyina, ko ka san ban taɓa ganinka da kyau irin na ranar ba? A nan ka sa na yi alkawari: ba wanda zai ga rigar a jikinta kafin kai, kuma da hannunka za ka sa mata.

Kwana goma sha biyu na yi da kwarashi a hannu. Na fara daga wuya, na sauko ƙirji da saƙa mai cika, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma na buɗe ta raga-raga, ƙananan ganye jere kamar na zogale, yadda iska za ta riƙa shiga. Maɓalli uku a baya. Na ninke ta na ajiye don ranar suna.

Ranar suna maigidanka ya yi tafiya, ba mai tsaron shago sai kai. Aka raɗa wa yarinya sunan Inna, muke kiranta Ummi, aka sa mata rigar kanti. Ka ce ƙaramar Sallah. Kafin azumi ya raba na gwada rigar a bayanta tana barci, na ga ko hannu ɗaya ba zai shiga ba. Sai na warware. Warwara ba ta da wuya, ka sani: bakin zare za ka kama ka ja, aikin kwana goma sha biyu ya zube a cinyarka kafin ruwan shayi ya tafasa. Na sake saƙawa, na ƙara faɗi. Ƙaramar Sallah hanya ba kyau. Na warware. Babbar Sallah kaya suka iso daga jirgi, ba dama ka motsa. Na warware na uku. Ban ce ƙarya ka yi ba ko sau ɗaya. Kowane dalili da ka kawo mai kyau ne, har na fara sha'awar yadda dalilai ke sonka.

Maƙwabciyarmu Wasilat ta ce kaina ba daidai yake ba. A ganinta in bar ta farko yadda take, in sayi sabon zare in yi wata. Gaskiyarta, da ya fi sauƙi. Amma sabon zare bai bi ta hannunka ba, ni kuma wannan nake so ya taɓa jikin 'yarka.

To, ga inda aka tsaya. Zaren ya gaji. Ya lanƙwashe, ya yi gashi-gashi, wuri huɗu ya tsinke na ƙulla na ɓoye ƙullin ta ciki. Dunƙule biyar ɗin sun ƙare tun kafin in kai gwiwa. Na koma wurin Adaeze, ta juye buhunanta kaf, ta ce wannan launin an daina kawo shi, ta ba ni wanda ya fi kusa. Da shi na yi bakin rigar. A ɗaki ba a ganewa, a rana kuwa ya fi fari kaɗan, duk mai ido zai gani. Na bar sararin yatsa biyu a ƙirji. Yadda yarinyar nan ke cin koko da ayaba, yatsa biyu wata ɗaya ne, in an yi sa'a.

A cikin takardar nan za ka ga guntayen zare huɗu. Kowanne zagayen ƙirjinta ne: na farko ranar suna, sauran a ranar da na sake fara saƙa. Ka shimfiɗa su a kan teburin shago, gajere a sama, dogo a ƙasa, ka duba da kanka. Na fi son ka gani da in yi ta bayani.

Ummi wata takwas ke nan da 'yan kwanaki. Haƙora biyu, rarrafe kamar an kore ta, jiya har ta kama ƙafar gado ta miƙe. In ka yi magana a waya sai ta ƙwace wayar ta juya ta baya tana nemanka, in ba ta gan ka ba ta sa a baki. Duk namijin da ya yi sallama da hula a kansa sai ta miƙa masa hannu, har mai kawo ruwa. Mutane suna dariya, ni ma ina taya su.

Ba fushi nake yi ba, hasken gidana. Da fushi ne da ya fi sauƙi, da tuni na zazzage maka shi a waya na huta. Kewarka nake yi, Ari! Ina kewar takunka a soro, da tarin nan naka na ƙarya in kana so in fito, da yadda kake cewa miya ta yi gishiri kana ƙara loma. Wata goma ke nan ina dafa abincin mutum ɗaya, har yau hannuna bai koyi awon ba. Wace irin tsuntsuwa ce za ta gama sheƙa sau huɗu ba a zo an gani ba?

Takutaha, bikinmu na bayan Mauludi, saura mako uku. Ranar zan yi mata wanka da hantsi, in shafa mata mai, in sa mata kwalli, in shimfiɗa rigar a kan gado, in jira ka har a kira azahar. In ka shigo, ga 'yarka ga rigarta, ka yi a hankali da maɓallin tsakiya. In ba ka shigo ba, ni zan sa mata da hannuna in kai ta gaida Inna, kuma ka yafe mini alkawarin tun yanzu. Hoto ba zan turo ba, kada ma ka tambaya. Warwara ta huɗu kuwa babu.

Ni zan jira ka shekara goma in ta kama, ka dawo ka same ni inda ka bar ni, zuciyata ba ta leƙa ko'ina ba. Ummi ce ba ta iya jira ba. Girma take yi, kuma ban san yadda ake hana ta ba.

Taka a yau, taka in an tsufa, taka har ranar da za a rufe ni,

Kubura