Ƙusar da Na Sa a Ƙafar Tirela

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara, Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu ma lafiya, ko in ce muna nan dai. Umma ta fara taɓa abinci. Wasiƙarka ta ta'aziyyar mijin Yaya ta iso, Allah Ya ba da lada.

Kawu, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba, kai ma don kana nesa ne. An gaya maka boris ɗin ƙafar tirela ne ya fashe a gangare, ta kife da buhuna a kan mijin Yaya. Haka kowa yake cewa, ni ma haka nake amsawa. Amma ni na canja boris ɗin nan da hannuna, mako biyu kafin girbi. Na yi komai yadda ka koya mini, zamanin da kake ce mini sarkin gaggawa. Na ɗaga ta da jak, na wanke wurin da kananzir, na sa giris a tafin hannu na yi ta danna sabon boris har giris ya ɓullo ta ɗaya gefen. Na ɗaure noti tam, na ɗan sassauta, na juya taya na ji ba ta kuka. Sai fin ɗin da ke hana noti kwancewa ya karye a hannuna, ba ni kuwa da wani. Na zaro siririyar ƙusa daga jikin benci na zura, na lanƙwashe, na ce gobe in na shiga kasuwa zan sayo. Marigayi yana tsaye a kaina, har yana tsokanata wai giris ɗin da ke rigata ya fi na ƙafar yawa. Ban sayo ba. Mantawa na yi, shi ke nan.

Kwana uku da rasuwa na je wurin da tirelar ta kife ni kaɗai. Boris lafiyarsa ƙalau, giris ko bushewa bai yi ba. A cikin ciyawa na tsinci noti, ƙusar kuwa ta gutsure.

Ban yi kuka ba, Kawu, har yau. Ina buɗe gareji, ina aiki, in an gaishe ni in amsa, amma ba na jin komai. Jiya Yaya ta aiko wai in gyara tirelar, sauran amfani na nan a gona, kuma ba ta yarda wani ya taɓa kayan mijinta ba sai ni. Na gyara, na sa sabon fin a kowace ƙafa. Sau biyu ina zuwa don in faɗa mata, sai in tarar da ita da yara, in zauna a bakin ƙofa, in sha ruwa, in tashi. Ka rubuto ka gaya mini in faɗa mata ko in yi shiru. Duk wanda ka ce zan yi, don ni kaina ya daina aiki.

Ka gaishe da Inna da Babban Yaya da 'yan biyu. Umma tana gaishe ka. Yaya ma ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma ce Allah Ya saka maka da alheri da ka koya mini sana'a, don yanzu ni kaɗai ne gatanta.

Ka huta lafiya.

Ɗanka.