Tabarma a Rumfar Shara

Madain Fahd, Asabar

Zuwa ga maƙwabciyata Zakiyya, Ummu Layan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kin tashi lafiya, da Abu Layan, da amaryarmu. Allah ya huce muku gajiyar baƙi.

Na kira wayarki ba ki ɗaga ba. Na ƙwanƙwasa 'yar ƙofar da ke tsakanin gidana da naki, shiru. Shi ya sa na liƙa wannan takarda a murfin barmil ɗinki na shara, tunda gidanki na tsakiya ba shi da mafita ta baya, dole ta nan za ki ja shi zuwa lungu.

Inna A'i nake nema. Jiya da muka dawo daga umra na tarar da rumfar shara a share tas. Buhunan gwangwanayen da take tsinta babu, buhun busasshen burodin da take tara wa masu tumaki babu, tabarmarta da butarta ma babu. A wurin kuwa ga sababbin barmil ɗinki biyu a jere.

Na ce a raina wataƙila ke kika gyara wurin saboda zuwan dangin mijin Layan, kika ɗauke ta zuwa ɗakinki na sama. In haka ne Allah ya saka miki. Sai dai ki gaya mata maganinta na hawan jini yana wurina. Kin san halin da tsohuwar nan take ciki, ba iƙamar zama a ƙasar nan, ba kafilin da zai tsaya mata, ga ciwon gwiwa. Tun da na ba ta rumfar nan ba ta taɓa kwana a wani wuri ba.

Ki huta lafiya.
Lubabatu, Ummu Mus'ab

*

Wa alaikumus salam ya Ummu Mus'ab,

Allah ya karɓi umra. Ma'alesh, ki yi haƙuri, wayata ba ta hutawa kwanakin nan, daga mai ɗinki sai mai lalle.

Inna A'i ba ta wurina. Abdulmohsen mai gidajen nan ne ya zo da ma'aikata kuna Makka, ya ce rumfa ta shara ce ba ta mutane ba. Ni ina can ciki ina fama da girki, ban ga komai ba. Barmil kuwa, tunda an sami fili na sa su. Kin san tsakar gidana kamar faranti yake, in na ajiye shara a nan ina mutane za su zauna?

Kada ki sa wa kanki damuwa. Irinsu ba sa rasa wurin kwana, tana da 'yan garinsu da yawa. Yalla, ki leƙo ki ga zinaren da suka kawo.

Taki,
Zakiyya

*

Madain Fahd, Talata

Zakiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya.

Na jinkirta amsa saboda ina tsoron bakina. Malamin da ya karantar da ni ya yi mana kashedi a kan zato, don haka abin da na gani kawai zan rubuta miki.

Abu Mus'ab ya je wurin mai gida. Ba korar Inna A'i kawai ya yi ba, miƙa ta ya yi ga hukuma. Yanzu tana tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ya kuma ja kunnen mijina, ya ce albarkacin daɗewarmu a gidansa ne bai ambaci sunanmu ba. Da Abu Mus'ab ya tambaye shi wa ya kai masa magana, sai ya miƙa masa wayarsa kawai. Saƙo ne daga lambarki, da hoto.

Ban yarda ba sai da aka turo mini na gani da idona. Inna A'i ce tana barcin rana a kan tabarma, kallabinta ya zame, furfurarta a waje, hannunta ɗaya a kan buhu. Daga cikin tsakar gidana aka ɗauka. Ke kaɗai na ba makullin 'yar ƙofar nan, kuma don shara na ba ki, don kada ki riƙa jan barmil ta kan kafet ɗin falonki.

Lokacin da kika haifi Layan mahaifiyarki ta koma garinsu Madani, can ƙetaren teku, ba ta sami biza ba. Inna A'i ce ta dafa miki ruwan wankan jego safe da yamma, ita ta dama miki kunu, ita ta goyi yarinyar kina barci. Ba gori nake miki ba. Ina tuna wa kaina ne, don in iya cewa wataƙila wani ne ya ɗauki wayarki. In haka ne ki gaya mini, zan karɓa.

Allah ya sa mu dace.
Lubabatu

*

Ya Ummu Mus'ab, salam.

Ba wanda ya ɗauki wayata. Amma ki ji ta bakina kafin ki yanke mini hukunci.

Ranar da matan gidan ango suka fara zuwa gani, muna zaune a tsakar gida, gahawa a hannu, turare na tashi. Sai ga Inna A'i ta turo ƙofa da ledar burodi a kai, ƙafa ba takalmi. Ta ce, "Ina jikata? Ina mummunar nan da aka rasa yadda za a yi da ita sai yanzu?" Ta kama kumatun Layan da hannun da ta gama tonon shara da shi. Hind, uwar ango, ta ajiye kofinta ta ce, "Hadi jaddatuha? Kakarta ce?" Na ce a'a, mai kwashe mana shara ce. Inna A'i ta yi dariya ta ce, "Mai kwashe shara ta wanke ki ke ma." Alhamdu lillah Hind ba ta jin Hausa, amma hanci ba ya buƙatar tafinta.

Ke daga Zariya kika zo, in kwangilar mijinki ta ƙare kina da gidan komawa. Ni a nan aka haife ni, kuma har yau in na buɗe baki sai an tambaye ni asalina. Ba na so Layan ta gaji wannan.

Wallahi buhuna na ce ya kwashe. Hoton don ya ga ƙazantar ne. Ban ce ya miƙa ta ba. Kuma ki duba, da an zo an same ta a gidanki ba ta hannun mai gida ba, iƙamar Abu Mus'ab ce za ta tafi. Halas, shi ke nan, abin da ya faru ya faru.

Na san ranki a ɓace yake. Amma kada ki rufe mini ƙofa, biki ya matso, shara za ta yi yawa. Zan shigo bayan la'asar mu yi magana kamar da.

'Yar'uwarki,
Zakiyya

*

Madain Fahd, Lahadi

Zakiyya,

Inna A'i ta yi waya jiya da wayar wata mata. Jirginsu zai tashi cikin makon nan. Ta ce ba ta san wa ya rage mata a gida ba, amma Allah na nan. Ba ta san komai game da hoton ba, ni kuma ban gaya mata ba. Ta ce in gaishe ki, in ce miki ta yi baƙin ciki ba za ta ga ɗaurin auren jikarta ba, kuma a shafa wa Layan lalle har gwiwar hannu. Amana ce ta ba ni, na isar.

Ƙofa ba zan rufe ba, haƙƙin maƙwabci ne. Ki ja barmil ɗinki duk lokacin da kike so. Roƙona ɗaya: in kin same ni a tsakar gida, ki wuce kawai, kada ki yi mini sallama. In kin yi, wajibi ne in amsa.

Lubabatu