Man Kaɗen da Baffa Ya Zubar

Daren Laraba, watan Rajab, Ƙofar Rini.

Wa yac ce ɗan marini ba ya haɗa magani? Wa?

Tokar rini ta tsattsage mana hannuwa, ko alwala sai da raɗaɗi. Na narkar da man kaɗe bisa garwashi, na zuba busasshen lalle da garin bagaruwa, da ya tsumu na tace da ƙyalle. Hannuna ya yi laushi. Abokan aiki sunka roƙa, na lakata masu.

Yau Sarkin Aska ya aiko da ƙorafi, wai na shiga gadon wanzamai. Baffa ya ɗauki kaskon maganin gaban kowa, ya tuntsurar cikin kwata.

"Rini munka gada, Sambo. Koma marina."

"Baffa, dubi naka hannun, jini fa yake!"

"Haka na ubana yake har anka rufe shi."

Na koma. Ina za ni? Gidansa nike kwana, tuwonsa nike ci. Yanzu toka ta sake tsage mani hannu, alƙalamin ga da ƙyar nike riƙonsa.

Ni na koya wa kaina karatu, ban ga inda anka hana ba. Sarkin Aska shi tsaya ƙofar masallaci ran Juma'a, shi amsa gaban jama'a: in maganin gadonsu ne, mi ya hana su kawo mana?