Tsamiyar Inno a Tsakar Gidanka

Rara, ƙasar Rabah
12 ga Fabrairu, 1949

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri, a Kumasi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya sa albarka a fataucin goronka. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarmu Kulu ta sauka, an sami ɗiya mace. Albasa kuma ta yi kyau bana.

To, sai maganar gidanka, wadda ta ishe ni. Wasiƙa huɗu ka aiko kan tudun nan na bakin fadama, kana ta yabon iskarsa, da yadda mutum ke hango ruwa da shanun Fulani daga gindin tsamiyar da marigayi Baba yake hutawa. Kai kana can kana mafarki, ni ina nan ina shan rana. Ka ce in yi maza, kada in tsaya tambaye-tambaye mai fili ya ɗaga kai. Na bi maganarka, ni da furfurata. Aka yi ciniki gaban hakimi da shaidu, na sa aka ja katanga ta kewaye tsamiyar, ta zauna a tsakar gida yadda ka so.

Ran Laraba sai ga Inno, gwaggon wanda ya sayar mana, da sandarta da mata uku da kwanduna, wai sun zo kaɗe tsamiya. Na ce mata wurin ya zama naka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ƙasa muka saya, itace kuwa gadonta ne tun daga uwarta, mi ya kai mu ɗaure mata shi cikin katanga? Na garzaya wurin hakimi, ya ce ai ko yaron goye ya san cinikin fili daban, na itace daban, ya ɗauka na sani. Na sani mana! Gaggawarka ce ta mantar da ni. Yanzu ko kasuwar Goronyo na shiga, sai an tambaye ni lafiyar tsamiyata.

Na koma na roƙe ta ta sayar. Ta ce ko kusa. Ta ce Baba ya shekara talatin yana zama a inuwar nan, bai taɓa ɗaukar ko wadda ta faɗo ba sai ya aika an gaya mata, ga ɗansa daga Kumasi ya aiko takarda an kewaye ta, ko sannu babu. Wallahi kunya ta rufe ni, don gaskiya ta faɗa. Da hannuna na fasa katangar ta gabas na buɗe mata ƙofa. Gidanka yanzu ƙofa biyu gare shi, taka da ta Inno.

Kada ka ce magana ta ƙare. Ɗanta Mode ya riga ya kawo masassaƙi, na gan su suna zagaya gindin suna auna turmi nawa za ta fitar. Inno ce kaɗai ta hana, kuma tsufa ya kama ta ƙwarai. Ta ce in ka zo da ƙafarka ka durƙusa ka gaishe ta, za ta bar maka itacen gaban shaidu, kyauta. Goro ko turmin atamfa in ka aiko, ta ce in mayar maka.

Saboda haka kada ka sake rubuto mini yabon iska. Ka hau jirgi ka taho kafin damina. In ka tsaya sai ciniki ya lafa kamar yadda ka saba, za ka iske katanga da ƙofa biyu da kututture, ka zauna kansa ka hangi fadamarka cikin rana.

Kulu da matata Asabe suna gaishe ka. Ka gai da Kaltume da yara. Allah ya kawo ka lafiya, ya kuma sa ka iske tsohuwar nan da rai.

Ni ne wanka da ka wahalar,
Lawwali