Injin Baba Bai Mutu Ba

Mama,

Na leƙa na tarar kina barci, ban so in tashe ki ba. Aikin safe gare ni a asibiti.

Injin Baba na kwashe dusar ƙanƙarar nan lafiyarsa ƙalau. Jiya da ya yi ta ruri amma tayoyin suka ƙi motsi, kin ce min, "Signe, shi ma ya bi babanki. Gara in bar gidan nan kawai." Maganar ta tsaya min a rai.

Ɗazu na buɗe ƙarƙashinsa a gareji. Bel ɗin bai tsinke ba, robar da ke juya tayoyin ma ba ta cinye ba. Ashe ƙusar da ke haɗa kowace taya da sandar ƙarfen ce aka zare aka sa a ramin waje, inda ba ta kama tayar. Aikin Baba ne. Haka yake yi duk bazara don ya riƙa gangara shi da hannu, in sanyi ya gabato ya mayar. Bana Allah bai kai shi ba.

Na mayar masa da ƙusoshin, tayoyin suka juya. Na share ƙanƙarar har bakin titi, na haɗa da ƙofar maƙwabcinmu tsoho Lahti yadda Baba ya saba.

Don Allah kada ki taɓa shebur, kin san halin bayanki. Akwai kofi a filas.

Safar hannun Baba na sa, ta yi min yawa. Na mayar da ita kan mariƙin injin, inda ya bar ta.

Ba inda za ki, Mama. Ni da injin nan mun ishe ki sanyin bana.

Signe