Likitan Rijiya

Daren Laraba, Bunkure, tsakiyar rani.

Yau ma na je rijiyar da nake awon ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda ke gefen gonar Malam Idi. Na zura igiya, na tarar ruwan ya ƙara hawowa. In ya ci gaba haka, saiwar tumaturinsa ruɓewa za ta yi. Ina duba ma'aunin zafi sai ga shi da fartanya a kafaɗa.

"Likita, ya mai jiki? Zazzaɓin ya sauka?"

Tun da manoma suka ga ina auna zafin ruwa suka laƙaba mini sunan nan. Na yi dariya, na kasa gaya masa gaskiya.

Yanzu ga ni a ɗaki ni kaɗai, zazzaɓi na kaɗa ni tun jiya. Rijiya ta samu mai gaishe ta da jiki, ni ban samu ba.