Sunan da Na Daina Jin Kunyarsa

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya zaman Fatakwal, ya ƙafar taki?

Albishirinki, an sa ranar ɗiyarki Maryam! Da dangin yaron suka zo bincike daga Bunguɗu, wata maƙwabciyata ta tare su, wai ni, uwar yarinyar, 'yar tuwo-tuwo ce a tashar Tsafe. Kin san a zamanin Inna, da wannan suna da karuwa duk ɗaya ne. Na ce shi ke nan, an fasa.

Ashe kawun yaron dariya ya yi mata. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan zagin ya tsufa. Tun da aka taso mu daga ƙauye, da tuwon da matata ke sayarwa a Gusau muke rufa asiri. Wadda ta riƙe marayu da guminta, ɗiyarta muke nema."

Jiya wani direba ya ƙwala mini kira da sunan, na amsa da ƙarfi, kaina a sama.

Ki sa mu a addu'a, Allah ya kai mu ranar. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki 'yar tuwo-tuwo,
Balki